Sharhi: Yadda Majalisa Ke Bin Kadin Dukiyar Jama'a a Hannun Ministoci da Kwamishinoni

Idan dai ba a manta ba, a ranar Laraba 26 ga watan Mayu, 2021, wani jirgin ruwa na katako da ya taso daga Lokon Minna ta Jihar Neja, ɗauke da mutane fiye da 150, ya nutse kafin ya isa Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, kuma waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Makonni uku bayan haka, ranar 17 ga watan Yuni, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Bayan an yi zaman makoki da jaje, tambayoyin da suka rage a bakin jama'ar ƙasar Yawuri su ne: wane ofishi ne ke da alhakin duba lafiyar jirage da yawan lodin da suke ɗauka? Nawa aka ware don tsaron makarantu, kuma ina kuɗin suka shiga? Manomin albasa ko masunci ba shi da ikon kiran minista ya zo ya amsa waɗannan tambayoyi, amma wakilin da ya zaɓa yana da wannan iko.

Abin da doka ta tanada

A Jamhuriya ta Farko, daga 1960 zuwa 1966, Nijeriya ta bi tsarin mulki irin na Ingila, inda minista shi ma ɗan majalisa ne, yana zaune a zaure ɗaya da masu yi masa tambaya. Daga 1979 aka koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, inda aka raba masu yin doka da masu zartarwa. Saboda haka kundin tsarin mulki na 1999 ya shimfiɗa hanyoyin da majalisa za ta bi ta riƙa sa ido a kan waɗanda ba sa zama cikinta.

Hanya ta farko ita ce tantancewa. Sashe na 147 ya ce sai Majalisar Dattawa ta amince kafin mutum ya zama minista, sashe na 192 kuma ya ɗora wa Majalisar Dokokin Jiha irin wannan nauyi a kan kwamishinoni. Jama'ar wannan yanki sun ga misalin haka a 2023, lokacin da Dokta Yusuf Tanko Sununu, wanda ya wakilci mazaɓar Yawuri, Shanga da Ngaski a Majalisar Wakilai tun daga 2019, ya tsaya gaban sanatoci kafin a naɗa shi ƙaramin ministan ilimi. Wanda ya saba yin tambaya a kwamiti sai ga shi ya koma kujerar mai amsawa.

Hanya ta biyu ita ce gayyata. Sashe na 67 da na 108 sun wajabta wa minista ko kwamishina ya halarci zaman majalisa idan an kira shi, don ya yi bayani kan yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Ta uku ita ce bincike: sashe na 88 da 89 a tarayya, da na 128 da 129 a jiha, sun ba majalisa damar kiran kowane mutum, ta nemi kowace takarda, ta sa a yi rantsuwa, har ta ba da sammacin da 'yan sanda za su kawo wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba. Dokar ta fayyace cewa manufar binciken ita ce gyaran doka da tona asirin cin hanci, ko sakaci, ko almubazzaranci da dukiyar jama'a. Ta huɗu, wadda ta fi sauran ƙarfi, ita ce riƙe bakin jaka, domin sashe na 120 da 121 sun hana a cire ko kwabo daga asusun jiha sai da dokar kasafin kuɗi da majalisa ta zartar.

A san ƙofar da za a ƙwanƙwasa

Koke-koke da yawa suna mutuwa ne saboda an kai su inda ba nan ne muhallinsu ba. Zirga-zirgar jirage a Kogin Kwara tana cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja ce ke kula da ita. A lokacin haɗarin Wara hukumar tana ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri, a 2023 aka mayar da ita ƙarƙashin sabuwar ma'aikatar harkokin teku. Ke nan mai neman jin dalilin da ya sa ba a tsame kututturan itatuwa daga hanyar jirage a Tafkin Kainji ba, sai ya bi ta hannun ɗan Majalisar Wakilai ko sanatan Kebbi ta Kudu. Haka ma batun kwalejin Birnin Yawuri, tun da makarantar tarayya ce.

Amma babban asibitin Yelwa, da makarantun sakandare na jiha, da rabon taki, da agajin da jiha ke kai wa waɗanda ambaliya ta shafa kamar yadda aka yi fama a 2020, duk suna hannun kwamishinoni ne a Birnin Kebbi. Majalisar Dokokin Jihar Kebbi tana da wakilai 24, kuma Yawuri da Ngaski da Shanga kowace tana da nata wakilin a ciki.

Doka a takarda, aiki a ƙasa

Tarihin wannan yanki ya nuna cewa zartar da doka somin-taɓi ne kawai. An gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968, aka tayar da kimanin mutum 44,000 daga gidajensu da gonakinsu, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai. An daɗe ana fafutuka kafin a sa hannu a dokar kafa hukumar HYPPADEC, mai kula da raya yankunan da ake samar da wutar lantarki ta ruwa, a 2010. Duk da haka sai a ƙarshen 2020 aka ƙaddamar da shugabancin hukumar, inda aka naɗa Abubakar Sadik Yelwa manajan darakta. Shekara goma ke nan doka tana kwance, jama'ar bakin tafki suna jira. Irin wannan giɓi tsakanin doka da aiwatarwa shi ne ainihin abin da aka ba majalisa ikon sa ido dominsa.

A batun kuɗi, akwai adadi uku da bai kamata a cuɗa su ba. Na farko shi ne abin da majalisa ta amince a kasafi. Na biyu shi ne abin da baitulmali ya saki ga ma'aikata. Na uku shi ne abin da aka kashe a kan aikin, har ana iya zuwa a gani da ido. Sau da yawa ana shelar adadin farko a rediyo, jama'a su ɗauka aiki ya tabbata, alhali ba a saki ko rabinsa ba. Idan kwamishina ya zo kare kasafin sabuwar shekara, tambayar da ta fi amfani ita ce ta kasafin bara: nawa aka ba ka, me ka yi da su, ina takardar shaidar kammala aiki? Daga nan sai kwamiti ya fita zagayen gani da ido, domin gani ya kori ji.

Bayan shekara ta ƙare, sashe na 125 ya umurci babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa wa majalisa rahotonsa cikin kwana 90 da karɓar lissafin babban akanta, sannan kwamitin kula da asusun gwamnati ya zauna a kansa. A Ingila, inda aka kafa irin wannan kwamiti tun 1861, al'ada ce ɗan adawa ya shugabance shi. Bugu da ƙari, tun daga shirin gyaran harkar kuɗin jihohi da Bankin Duniya ya tallafa daga 2018, jihohi suka shiga buga rahoton aiwatar da kasafi duk bayan wata uku, abin da ya sauƙaƙa kwatanta alkawari da cikawa.

Iyakar ikon da cikas ɗinsa

Majalisa ba kotu ba ce, ba ta ɗaure mutum saboda sata, kuma ba ta da ikon korar minista ko kwamishina. Abin da take yi shi ne ta fallasa, ta ba da shawara, ta hana kuɗi, ko ta miƙa batu ga EFCC ko ICPC. Wani lokaci hakan kan isa. A 2013 Majalisar Wakilai ta binciki sayen motoci biyu masu sulke a kan naira miliyan 255 a zamanin ministar jiragen sama Stella Oduah, kuma a watan Fabrairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sauke ta.

Sai dai ikon yana iya lalacewa ta fuska uku. Akwai kwaɗayi: binciken tallafin man fetur na 2012 ya tono ɓarna mai yawa, amma darajarsa ta zube bayan da aka zargi shugaban kwamitin, Faruk Lawan, da karɓar dala 500,000, kuma kotu ta same shi da laifi a 2021. Akwai gabar siyasa: a tsohuwar Jihar Kaduna majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa tun daga 1979, har ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Akwai kuma dogaro, wato majalisar da sai ta roƙi ɓangaren zartarwa kuɗin man motar da za ta je duba aiki. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Don magance wannan ne aka gyara sashe na 121 a 2018, aka sake ƙarfafa shi a 2023, domin majalisun jihohi su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye.

Rawar jama'a da jami'an ƙananan hukumomi

Ɗan majalisa ba zai yi tambaya mai ma'ana ba sai da bayani, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyar masunta, ko ta manoman shinkafa, ko ta iyayen yara, tana iya rubuta takardar koke zuwa ga kakakin majalisa ta hannun wakilinta. Takardar ta ƙunshi sunan aikin, da ƙauyen da aka ce za a yi shi, da shekarar kasafin, da halin da yake ciki, tare da hoto da sa hannun shugabanni, a kuma ajiye kwafi mai ɗauke da tambarin karɓa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukumomin tarayya, kuma ta ba su kwana bakwai su amsa. Idan wakili ya yi watsi da mutanensa, sashe na 69 da na 110 sun tanadi kiranye, ko da yake sharuɗɗansa suna da tsauri.

Su kuwa shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da daraktoci da ma'ajiya, ya kamata su lura cewa hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga watan Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ƙarin nauyi ne a wuyansu. Jami'in da ya adana baucoci da takardun kwangila yadda ya kamata ba ya fargabar ranar da kwamiti zai sauka a sakatariyarsa.

Daga ƙarshe, yayin da ake shirin zaman kare kasafi na gaba, yana da kyau jama'ar Yawuri da Ngaski da Shanga su tambayi wakilansu abu uku: wane kwamiti kake ciki, wane jami'i ka taɓa gayyata a kan matsalarmu, kuma wace amsa ya bayar? Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu a Wara, Ya kiyaye na gaba.