Mu Leƙa Duniya: Tafiya a Bakin Tekun Irlanda

A wannan wata filin ya nufi wata ƙasa mai nisa, sunanta Irlanda. Tsibiri ce, wato ruwa ya kewaye ta ko'ina. Tana yamma da Ingila, cikin tekun Atlantika. Ƙarama ce, don Nijar ta yi girman tsibirin sau 15. Babban birninta Dablin yana gabas. Amma labarin yau na yamma ne, inda mutane ke noma da kiwo da kamun kifi a bakin ruwan gishiri.

A shekarar 2014 magabatan ƙasar suka haɗa hanyoyin bakin teku na yamma, suka kafa musu alamu, suka ba su suna ɗaya, Wild Atlantic Way. Tsawon hanyar ya kai kilometar 2,500. Kusan kamar mutum ya tashi daga Yamai ya je Damagaram, ya komo, ya sake zuwa. Ta faro daga jahar Donegal a arewa, ta ƙare a garin Kinsel a kudu. An yi haka don baƙi masu yawon buɗe ido su riƙa ratsa ƙauyuka, su kwana, su ci, su bar kuɗi hannun mutanen karkara.

Ruwan sama da tumaki

Abin da matafiyi ke fara gani shi ne kore. Ciyawa ba ta bushewa a can. Ruwan sama na zuwa kowane wata, ba a jiran damana. A yamma ruwan shekara yakan wuce milimetar 1,000, bisa duwatsu har ya wuce 2,000. A Maraɗi, abin da ake samu a shekara bai cika wuce 500 da yawa ba. Sai dai ruwan nan ya zo da nasa wahala. Ƙasa na jiƙe, iska na da ƙarfi, rana ba ta isa hatsi ko dawa su nuna ba.

Hanya siririya ce, tana lanƙwasa tana bin gaɓa. Mota na bin hannun hagu. Sau da yawa sai direba ya tsaya don tumaki sun kwanta bisa kwalta. Kowace tunkiya da fenti a gashinta, wata ja, wata shuɗi. Makiyaya da yawa na sakin bisashensu a dutsi ɗaya na tarayya, to fentin nan shi ne shaidar kowa. A Donegal akwai wani dutsi, Sliv Lig, wanda ya miƙe daga cikin teku har metar 600. Tumaki na kiwo a gefensa kamar a tsakar gida.

Gonakin da laka ta binne

Daga Donegal hanya ta gangara kudu zuwa jahar Mayo. Nan itace ya yi ƙaranci. Da can kurmi ya rufe tsibirin, amma aka yi ta sara shekara da shekaru. A farkon ƙarni na 20, cikin hekta 100 hekta ɗaya tak ke da itatuwa. An yi ta dashe tun daga nan, yanzu an kai wajen hekta 11 cikin 100.

To da me suke girki? Akwai wata baƙar laka ta ruɓaɓɓun tsirrai da ke taruwa a fadamun can. Ana yanka ta kamar tubali, a shanya, in ta bushe sai ta ci wuta. Amma a hankali take taruwa, milimetar ɗaya a shekara. Abin da magidanci ya yanka da safe ɗaya, an yi ɗaruruwan shekaru ana tara shi. A 2022 gwamnati ta hana saida ta a kantuna, sai dai masu haƙƙin fadama su yanka don gidajensu.

A wajen shekarun 1930, wani malamin lakwal, Patrick Caulfield, yana yankan lakar nan a arewacin Mayo, sai ya iske duwatsu jere a ƙarƙashi. Ya gane hannun mutum ne ya jera su. Bayan shekaru, ɗansa Seamus ya yi karatun binciken kayan da, ya komo wurin. Ya riƙa soka dogon ƙarfe cikin laka yana bin jerin duwatsun. Ashe shingen gonaki ne na mutanen da suka sare kurmi, suka yi kiwon shanu, shekara 5,000 da suka wuce ko fiye. Daga baya laka ta hau bisa gonakin ta binne su. Sunan wurin Keja. Yau matafiyi na tsayawa ya ga iyakar gonar manomin da ba wanda ya san sunansa.

Babbar yunwa

Bakin tekun nan na da kyau, amma cike yake da kufai. Ko'ina ana ganin ɗakunan dutsi marasa rufi. Ga dalili.

A 1841 mutanen tsibirin sun wuce miliyon 8. Lokacin nan Ingila ke mulkinsu. Yawancin ƙasa na hannun manyan masu gonaki, talaka haya yake biya. Hatsin Turawa da shanun da ya samu na tafiya wajen biyan haya. Abin da ya rage masa shi ne dankalin Turawa. Mutum wajen miliyon 3 ba su da wata cimaka sai shi, kuma yawancinsu iri ɗaya suke shukawa.

A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin. Ganye ya yi baƙi, dankali ya ruɓe cikin ƙasa. Da yake iri ɗaya ne, cutar ba ta bar gonar kowa ba. Ta sake dawowa shekara bayan shekara. Daga 1845 zuwa 1852, mutum wajen miliyon ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukan da ke bin ta. Fiye da miliyon ɗaya suka shiga jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Duk cikin wannan hali, jirage ba su bar fita da cimaka daga ƙasar ba. Wanda ya kasa biyan haya, a kore shi, a rushe ɗakinsa.

A kudancin Mayo hanya ta bi gefen wani tabki, Dulok. A ƙarshen watan Maris na 1849, ɗaruruwan mayunwata suka taru a wani gari don ma'aikata su duba su, a ci gaba da ba su taimako. Sai aka ce ma'aikatan sun wuce wani gida mai nisan kilometar 19, kowa ya iske su can da sassafe. Mutane suka bi dare cikin sanyi da iska, ciki ba komi. Bayan haka aka tsinci gawawwaki a bakin hanya, har da na mata da yara. Akwai dutsin tunawa a wurin. Tun 1988 mutane na taka wannan hanya da ƙafa don kada a manta.

Har yau tsibirin bai maida yawan mutanensa ba. Duka da duka wajen miliyon 7 ne. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san abin da ake nufi da rumbu wayam. Ya kuma san amfanin haɗa hatsi da dawa da wake, da ajiye iri fiye da ɗaya.

Mutanen da suka yi ƙasa da hannunsu

Gaba da garin Golwe, jirgin ruwa na kai matafiyi tsibiran Aran. Su uku ne, mutanensu wajen 1,300. Dutsi ne shimfiɗe kamar faifai, ƙasar noma kaɗan ce. Me kakanninsu suka yi? Suka toshe tsagogin dutsi da tsakuwa. Suka ɗauko rairayi daga gaɓa cikin kwanduna, suka zuba. Suka ɗauko ciyawar teku, suka shimfiɗa a kai. Rairayi, ciyawa, rairayi, ciyawa, shekara bayan shekara, har gona ta samu.

Don kada iska ta kwashe ƙasar, suka kewaye kowane ɗan fili da shingen duwatsu. Ba siminti, ba laka. Suna barin ƴan kafofi tsakanin duwatsu da gangan. Iska ta bi ta kafofin, ƙarfinta ya ragu, shinge bai faɗi ba. Wasu filayen ba su da ƙofa. Mai saniya ya sauke duwatsu kaɗan, saniya ta shige, ya maida su. Ruwan sha na bisashe kuwa, ana gina ɗan gangare na dutsi, ruwan sama ya bi shi ya taru a kwami. Mutanen Keita da na Adar, masu jera duwatsu don tare ruwa da ƙasa, za su gane wannan aiki da kallo ɗaya.

Shanu na hawa dutsi da ɗari

Daura da Aran, a jahar Kilar, akwai yankin Baren. Shi ma farin dutsi ne, ciyawa na fitowa daga tsagogi. A wurare da yawa na Turai, shanu na hawa dutsi da zafi, su sauko da sanyi. A Baren akasin haka ake yi. A ƙarshen Oktoba ake kora shanu sama, su zauna har wajen Afrilu. Dutsin na riƙe ɗumin rana, ƙasa ba ta caɓewa, kuma lokacin nan ne idanun ruwa ke kawowa. Da zafi ruwan na nutsewa ƙarƙashin dutsi.

Shanu na cinye tsohuwar ciyawa, sai furanni iri-iri su samu wurin fitowa. Da wasu makiyaya suka bar wannan al'ada, suka tsare shanu a ɗaki, sai sarƙaƙiya ta fara cinye makiyaya. Masana suka zauna da makiyaya, suka saurare su. A 2010 aka fito da wani tsari: a duba filin kowa, a ba shi maki har 10, a biya shi gwargwadon lafiyar filin. Ba a gaya masa yadda zai yi kiwo ba, an bar shi da saninsa.

Kusa da nan gaɓar Mohar take, inda dutsi ya yanke tsaye, metar 214 daga sama zuwa ruwa. Daga nan sai jirgin fito ya ƙetare da mota bakin kogin Shanon, mafi tsawo a tsibirin.

Tsibirin da ya zama kufai

A jahar Keri, inda hanya ta kai ƙarshen yamma, ana hangen tsibirin Blasket. A 1916 mutum 176 ke zaune cikinsa. Suna kamun kifi da ƙananan jirage na itace da aka lulluɓe da zane mai kwalta. Harshensu na gado suke yi, ba Ingilishi ba. Samari da ƴan mata suka yi ta tafiya Amurka. Wanda ya je ya aiko wa ƙanensa kuɗin jirgi. A ƙarshen 1946 wani saurayi ya kamu da sanƙarau. Teku ya yi hauka, ba halin kawo likita, ya rasu a farkon 1947. A Nuwamba 1953 aka kwashe mutum 22 da suka rage.

Amma labarinsu bai ɓace ba. Wani masunci kuma manomi, Tomas O Krohan, ya koyi rubuta harshensa yana da shekara wajen 40. Ya rubuta yadda suke noma da su, da aure da biki, da ƴaƴansa da suka riga shi mutuwa. Littafin ya fito a 1929, an juya shi cikin harsuna da dama. Yau baƙi na zuwa daga nesa, su hau jirgi, su nemi ɗakinsa. Tumaki ke kiwo a tsibirin, amma an san sunan rijiya da na gona da na mai gona, don wani ya zauna ya rubuta.

Daga nan hanya ta ci gaba kudu har Kinsel. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.