Farashin Hatsi A Intanet: Wa Ke Zubawa, Wa Ke Canzawa?

Duk wanda ke bin babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji ta ratsa Tibiri da Maraɗi, ta wuce Caduwa da Agiye har zuwa Gazawa, ya san cewa yanayin ciniki ya sauya a kasuwannin wannan yanki. A da, mai son jin farashin gero ko wake a Jibiya ko Dawanau sai ya jira direba ya iso, ko kuwa ya dogara da abin da dillali ya faɗa masa. Yau kuwa, kafin a gama sauke buhu daga amalanke, wani ya zaro salula ya ce ai ga abin da ake sayarwa nan a intanet, kuma sau da yawa a kan wannan magana ake yanke ciniki. Abin tambaya a nan shi ne, wa ya rubuta wannan farashi, yaushe ya rubuta shi, kuma wa ke da ikon shiga ya canza shi? Amsar ta shafi jarin Alhaji mai sito, ta kuma shafi ribar Hajiya mai awon tiya a bakin rumfa.

Tattara farashi a rubuce ba sabon abu ba ne a Nijar. Tun a shekarar 1989 aka kafa tsarin bin farashin hatsi a ƙarƙashin hukumar OPVN mai kula da rumbunan abinci na ƙasa, wanda daga baya ya faɗaɗa ya zama SIMA, yana bin farashin amfanin gona a kasuwanni da dama mako-mako. Ma'aikaci yakan shiga kasuwa ranar cinta, ya tambayi masu sayarwa, ya mayar da lissafin tiya zuwa kilo, sannan ya aika da sakamakon. A shekarun farko takarda ce ke tafiya. A yau ƙungiyoyi da hukumomi da yawa da ke aiki a karkarar Afirka suna amfani da manhajojin salula irin su ODK da KoboToolbox, waɗanda ke barin mutum ya cika fom ko da babu sabis, idan ya samu sabis sai bayanin ya tafi.

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2005 jihar Maraɗi, wadda ake yi wa kallon rumbun ƙasa, ita ce ta fi jin jiki. Hatsi yana kasuwa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu fama da tamowa a Nijar a wannan shekara, akasarinsu a Maraɗi. Darasin da aka koya shi ne, farashi yana nuna yunwa tun kafin ta bayyana a jikin yara, muddin an rubuta shi daidai kuma ya isa kunnen waɗanda ya kamata a kan lokaci.

To, ina bayanin yake zuwa idan ya bar salular ma'aikaci? Yana zuwa wata babbar kwamfuta da ba ta barci, wadda za mu iya kira rumbun bayanai. Salula da rumbun suna magana da juna ne ta wata ƙa'ida da ake kira HTTP, wadda Baturen Ingila Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba, tsakanin 1989 da 1991. Ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa ajiye kaya a sito. Salula ce ke kai buƙata, rumbu kuma ya ba da amsa. Manyan buƙatun guda huɗu ne: a ɗauko abin da ke ajiye a gani, a zuba sabo, a maye gurbin tsoho da gyararre, ko a goge. Masu wannan sana'a suna kiran su GET da POST da PUT da DELETE. A shekarar 2010 aka ƙara ta biyar mai suna PATCH, wadda ke gyara ɓangare ɗaya kawai ba tare da an taɓa sauran ba.

Kowace buƙata tana da amsarta da lamba, kamar rasit. Idan rumbu ya amsa da 201, ma'ana ya karɓi sabon bayani ya ajiye. Idan ya ce 404, abin da ake nema babu shi. Idan ya ce 401 ko 403, mai buƙatar bai nuna shaidar ko shi wane ne ba, ko kuwa ba shi da izinin taɓa wannan wuri. Saboda haka kallo na kowa ne, amma zubawa da gyarawa na masu mabuɗi ne kaɗai. Wannan bambanci shi ne ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe da kyau.

Matsala ta farko da ke tattare da wannan tsari ita ce ta maimaici. Mu ɗauka ma'aikaci yana kasuwar Gazawa, ya tura farashin wake, rumbu ya karɓa, amma kafin rasit ya dawo sabis ya ɗauke. Shi a ganinsa bayanin bai tafi ba, sai ya sake turawa. Idan ta hanyar zuba sabo aka tura, kuma ba a sa wa fom ɗin wata lamba tasa ta kansa ba, rumbu zai ajiye guda biyu, kamar magatakardan sito da ya rubuta buhu ɗaya sau biyu a littafi. Hanyar maye gurbi ba ta da wannan illa, domin ko sau goma aka tura, abu ɗaya ne zai zauna. A yankin da wutar lantarki da sabis ke yawan yankewa, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Matsala ta biyu ita ce ta gyara a kan gyara. Mu ɗauka ma'aikata biyu sun buɗe shafin farashin gero na kasuwar Agiye a lokaci guda, ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Yamai. Na farko ya ga an yi kuskure an rubuta kuɗin tiya a gurbin kuɗin kilo, ya gyara ya ajiye. Na biyu, wanda tsohon shafin ke gabansa, ya gyara kwanan wata kawai shi ma ya ajiye. Ajiyarsa za ta danne ta na farko, kuskuren ya dawo, ba tare da kowa ya sani ba. Ƙa'idar HTTP ta tanadi maganin wannan tun a gyaranta na 1997: kowane shafi yana da hatimi wanda ke canzawa duk lokacin da aka taɓa shi, mai gyara kuma ya nuna hatimin da ya gani, idan ya tsufa sai rumbu ya ƙi karɓa ya amsa da 412. Sai dai maganin yana aiki ne kawai idan waɗanda suka gina rumbun sun sa shi.

Matsala ta uku ita ce ta tsohon labari. Domin rage cin kuɗin data, salula takan riƙe kwafin shafin da ta taɓa buɗewa, wani lokaci ta nuna shi a maimakon sabo. Wanda ya fi wannan muni shi ne hoton shafi da ake turawa a WhatsApp. Da zarar an ɗauki hoto, ya rabu da rumbu ke nan, ko an gyara asalin shi ba zai gyaru ba, kuma canza lamba a jikin hoto ba ya ɗaukar minti biyar. Hoton farashin bazara yana iya yawo a lokacin kaka, manomi ya riƙe kayansa yana jiran kuɗin da babu shi, ko kuwa mai saye ya nuna wa mace hoton farashin kaka a watan da hatsi ya yi tsada, ta sayar da wakenta a faɗuwa.

A wannan yanki farashi yana tsufa da wuri, domin kasuwanninsa a ɗaure suke da na Katsina da Kano. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an sake rufewa, ba a buɗe ba sai a Maris 2024. A cikin wannan tsakani darajar naira ta faɗi ƙwarai a gaban sefa. A Oktoba 2024 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya isa ya juya lissafin mai wake ko aya ko riɗi a cikin 'yan kwanaki. Farashin da ba ya ɗauke da kwanan wata, a irin wannan hali, bai fi jita-jita ba.

Kada a ɗauka ana cewa labarin farashi ba shi da amfani. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi nazari a kan kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da salula ke shigowa, inda ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Amma wani nazari da ta yi da Marcel Fafchamps ya nuna cewa a wajen manomi, wake ne kawai aka ga bambancin farashinsa ya ragu, kuma kuɗin da manomin ke samu bai ƙaru ba. Wato wanda ke da mota da jari shi ke fara cin moriyar labari. Mai tiya goma da ke bukatar kuɗin magani yau, ko ta san farashin Dawanau, a ƙauyenta za ta sayar.

Sai kuma babbar tambaya, wa ke riƙe da mabuɗin rumbun? Tsarin FEWS NET, wanda Amurka ta kafa a 1985 bayan yunwar da dattawan Maraɗi ke kira El-Buhari, ya shafe kusan shekara 40 yana tara farashin kasuwannin Sahel. A ƙarshen Janairu 2025, da sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, shafinsa ya rufe, aka kwashe watanni kafin ya dawo. Bayanan daga kasuwanninmu aka ɗebo su, amma da mai rumbu ya kulle ƙofa sai kowa ya tsaya a waje. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, duk wanda aka nuna wa farashi a salula, ya tambayi abu huɗu kafin ya saki kayansa: wace kasuwa ce, wace rana ce, da wane ma'auni aka auna, tiya ko kilo ko buhu, kuma farashin sari ne ko na awo. Idan hoto ne aka turo, ya kira wanda ya sani a can kasuwar ya tabbatar. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata masu adashe a gundumomin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji su riƙa rubuta farashin kasuwarsu a littafi kowane mako, domin littafin da ke hannun sarkin kasuwa babu wanda zai rufe shi daga nesa.

Su kuma hukumomi da ƙungiyoyin da ke tattara bayanai, haƙƙi ne a kansu su sa kwanan wata da sunan kasuwa a jikin kowane farashi, su ajiye tarihin duk gyaran da aka yi da sunan wanda ya yi shi, su kuma mayar wa kasuwa abin da suka ɗauka daga gare ta, da Hausa, ta rediyon karkara da saƙon murya, tun da yawancin matan da ake tambaya farashi ba karatun Faransanci suke yi ba. Ma'auni amana ne, ko na ƙwarya ne ko na kwamfuta. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kare mu daga tauye mudu.