Shaiɗan bai taɓa koya wa kowa jita ba

Akwai wata tatsuniya da marubutan labaran ban tsoro na Amurka suka ƙi saki, ni kuwa ta ishe ni. Wai makaɗin rok ba ya gwanancewa sai ya je mararraba da tsakar dare ya sayar wa Shaiɗan ransa. Ana jingina ta ga Robert Johnson, baƙar fata makaɗin bulus na jihar Misisipi, wanda ya rasu a 1938 yana ɗan shekara 27, ya bar waƙoƙi 29 kacal a faifai. An san shi bai iya abin kirki ba, ya ɓace na wani lokaci, ya dawo da kiɗan da ya ba kowa mamaki. Sai aka ce ai ciniki ya yi. Alhali malaminsa sananne ne, Ike Zimmerman, ɗan Adam kamar kowa, kuma maƙabartar da aka ce suna zuwa da dare, wurin gwaji ce da ba mai cewa sun hana shi barci.

Watau yaro ya yi gumi, an ɗauki ladan an miƙa wa Iblis. Mu ma mun san halin: mai goge ya shahara sai a ce iskoki ke riƙe masa hannu. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, wane aljani ne ya ara masa?

Dubi The Vampire Lestat na Anne Rice, 1985. Lestat ya zama tauraron rok ne don shi mashayin jini ne, muryarsa ba ta mutane ba ce. A The Armageddon Rag na George R. R. Martin, 1983, kiɗan ƙungiyar Nazgûl ƙofa ce da baƙin iko ke neman shigowa ta ciki. Littattafai ne masu daɗin karatu, ban musa ba. Amma gindin zancen ɗaya ne: kiɗa mai ƙarfi ba daga mutum yake fitowa ba.

Wani zai ce ai ƙagaggen labari ne, me ya yi zafi? Ga abin da ya yi zafi. A 1990 an gurfanar da ƙungiyar Judas Priest a kotun Reno, wai sun ɓoye saƙo a faifai da ya sa samari biyu harbin kansu. Alƙali ya wanke su. A 1993 an kama samari uku a West Memphis bisa kisan yara uku, aka kawo baƙaƙen tufafi da kiɗan da suke saurara cikin hujjojin cewa 'yan tsafi ne. Ɗayansu, Damien Echols, hukuncin kisa aka yanke masa. Sai 2011 suka fito, bayan shekara 18. Ba littafi ne ya ɗaure su ba, amma daga rijiya ɗaya marubucin da mai gabatar da ƙara suka ɗebo ruwa.

Abin haushin shi ne, harkar waƙa cike take da abin tsoro na gaske. Grady Hendrix ya gane haka a We Sold Our Souls, 2018. Kris Pulaski, tsohuwar mai jita, ta ƙare tana gadin teburin otal da dare, domin mawaƙin ƙungiyarsu ya sayar da rayukansu ya yi arziki. Ta wace hanya? Takardar kwantiragi da sa hannu. Duk mai aikin rediyo ya ga makaɗin da ake sa waƙarsa safe da yamma ba shi da kuɗin mota, saboda wata takarda da bai karanta ba. Gwanintar Kris kuwa tata ce, ba wanda ya ba ta.

Haka Joe Hill a Heart-Shaped Box, 2007. Judas Coyne, tsohon tauraro, ya sayi fatalwa ta intanet don nishaɗi, aka aiko masa da kwat ɗin mamaci. Fatalwar mijin uwar wata budurwarsa ce da ya kora ta mutu. Mutumin nan ko sunan 'yan matansa ba ya kira, da sunan jihar da suka fito yake kiransu. A nan tsigar jikina ta tashi, tun kafin mamacin ya zauna a kujerar barandarsa.