Filin Mata: Ƙirga Kayanki Kafin Ki Sauka

Wannan mako maganar mantuwa za mu yi, don abin da ya sami wata maƙwabciyata nan Kakuri ya isa a ja kunne.

Ran Litinin ta shiga kasuwa cefane, ga goyo a baya, ga 'yar jaka a hannu. Cikin jakar nan akwai zubin mata goma sha biyu, don ita ce uwar adashi, za ta kai wa mai ɗauka a Barnawa. Ta hau keke napep. Da isarsu yaro ya soma kuka, mai keke yana cewa Hajiya a hanzarta. Ta sauke doya, ta sauke manja, ta karɓi canji, ta shige gida. Sai da aka gama gaisawa ta kai hannu, wayam! Jaka tana kan kujera, keke ya yi gaba. Ba ta duba lamba ba, fuskar yaron ma ba ta riƙe ba. Kwana uku tana cigiya, daga Makera har Sabon Tasha. Ƙarshe keken ɗinkinta ta sayar ta biya. Abin da ya fi yi mata ciwo kuwa, har yanzu akwai masu raɗa cewa cinye kuɗin ta yi.

Kada ki ce sakarci ne. Matar nan shekara tara tana riƙe adashi, ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Ki lura, mantuwa ba ta kama mutum yana zaune, sai wajen tashi: saukowa daga mota, fita daga ɗakin awo, barin gidan biki. Jiki yana nan, hankali ya riga ya isa gida ya ɗora tukunya. Wani malamin jami'a a Amurka, Gabriel Radvansky, ya gwada wannan a 2011, ya ga ƙetare ƙofa kaɗai yakan sa mutum ya manta abin da yake riƙe a zuciya. Watau ba ke kaɗai ce kike shiga ɗaki ki tsaya kina tunanin abin da ya kawo ki ba.

Iyayenmu ba su jira malami ba. Kuɗi a bakin zane suke ƙulle shi, ko a lalita a ƙugu. Mu ne muka ga jakar hannu ta fi kyau, alhali abin da ke hannu shi ake ajiyewa. To, kuɗin amana da katin asibiti su zauna a jikinki. Sauran kaya, ki ƙirga su tun a gida: huɗu ne, har da laima. In za ki sauka, ki ƙirga kafin ki biya, don da zarar mai keke ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ya yi ta ƙorafi, sauri ya haifi nawa.

Ku kuma 'yan makaranta, masu barin ɗankwali a gidan kitso da littafin lissafi a gidan ƙawa, ku haɗa jaka tun da dare. Katin jarrabawa ba ya jiran a koma Narayi a ɗauko shi.

In maigidanki mai keke ne, don Allah ki ce ya duba bayan kujera. Jakar baƙa ce, zif ɗinta ya lalace, an kama shi da fil. Akwai katin rigakafin yaro a ciki.