INJI YA ZO, AMMA BAGARUWA YAKE NEMA

'Yan'uwa manoma na Sifawa da Bodinga da Shagari, ga wata magana da ya kamata a tattauna a taron ƙungiya na wannan wata.

Kowa ya san darajar jar akuyar Sakkwato. Tun zamanin fatake ana ɗaukar fatarta a kan raƙuma, a ƙetare hamada zuwa Tarabulus da Maroko, daga can ta shiga Turai. Shi ya sa Turawa suke kiranta fatar Maroko, alhali kuwa daga turken gidajenmu ta fito. Wani ya yi kiwo, wani ya ci suna.

Yanzu an sami wani inji da kwamfuta ke sarrafawa. A zana fasalin jaka ko takalmi a kwamfuta, sai injin ya bi zanen da wani haske mai zafi, wanda ake kira leza, ya yanke fata daidai, ya kuma ƙona mata ado. Yana fitar da yanka ɗari, duk awo ɗaya, ba ɓarna da yawa. Irin wannan sana'a ba ta Turawa kaɗai ba ce. A 2013, a birnin Lome na Togo, an harhaɗa injin ƙera kaya daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

Wasu suna cewa ƙarshen majema da dukawa ya zo ke nan. Ba mu yarda ba, ga dalilinmu.

Manyan masana'antun Kano na Sharaɗa da Chalawa da sinadarin kurom suke jima. In hasken injin ya ƙona irin wannan fata, hayaƙinta yakan cuci mai shaƙa. Fatar da aka jeme da bagaruwa kuwa ita masu injin suka fi so, gama tana yankuwa sumul, adon kuma ya fito sarai. Ashe sabon abu tsohuwar hanya yake nema. Har yanzu kuma inji bai gaji baduku ba wajen ɗinkin hannu da saƙar tsirkiya. Ja na karan dafi, da baƙin kuloko, da shuɗin baba, duk aikin hannu ne, masu saye a waje kuwa sukan biya su da daraja.

To, me ya rage gare mu?

Na ɗaya, fiɗa. Wuƙa mai tsini tana huda fata, inji kuwa ba ya toshe huji. A yi fiɗa a hankali, a shanya a inuwa, ba a ƙasa cikin rana ba. A bar yi wa dabba lalas a gadon baya, a yi maganin kaska da ƙazuwa.

Na biyu, bagaruwa. Wanda ya sare ta don gawayi ya ci kuɗin rana ɗaya, ya kashe na shekaru. Kowace ƙungiya ta dasa ta a iyakar gona da bakin fadama.

Na uku, a ware kunya biyu ko uku don karan dafi. Dawa ce, noman da muka sani ne.

Na huɗu, kada kowa ya ci bashi ya sayi inji shi kaɗai. Yana bukatar wuta tsayayya, da mai gyara, da kasuwa. Ƙungiyoyi su fara neman shawara a makarantar fasahar fata ta Samaru, Zariya, su kuma tura yaransu koyo.

Na ƙarshe, zane. Da zarar adon dukawanmu ya shiga kwamfuta, kowa yana iya kwafa. Sai a rubuta yarjejeniya, da sunan ƙungiya a jikin kaya, kafin a miƙa wa kowa. An riga an ƙwace mana suna sau ɗaya. Kada mu bari a sake.