Shin Hoton Talaka Ba Tarihi Ba Ne?

Duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano, tsohon gidan nan da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa, zai ga hotunan sarakuna da na zuwan Turawa a 1903. Madalla. To, ina hoton ɗan dako? Ina na amarya da ƙawayenta?

Irin waɗannan suna Sabon Garin Zariya, jibge cikin kwalaye a shagunan masu ɗaukar hoto, gara da laima suna ci. Ran da mai shago ya rasu, magada su share ɗaki, leburorin reluwe da 'yan koli duk su tafi juji.

A Bamako, hotunan samari da 'yammata wajen rawa Malick Sidibe ya ɗauka, har aka ba shi babbar lambar girma a Venis ta Italiya a 2007. Mu kuwa ga Sashen Zane-zane a Samaru, ga tsofaffin soraye a Birni suna zubewa. Haba malamanmu! Jira ake Bature ya saye, sannan mu bi shi Landan mu biya kuɗin kallo? Jami'a ta nemi soro ɗaya ta gyara, ta tura mu Sabon Gari mu tattaro tun damina ba ta faɗi ba.