So Hana Ganin Laifi: Ma'aunin 'Yan Kallo Ya Karkace

A majalisun masu shayi na Dougoï a Marwa, da na unguwannin Garwa, ana yanke wa ɗan ƙwallo hukunci tun alƙalin wasa bai hura usur ba. Abin da ake aunawa shi ne surar da ɗan wasan ya gina wa kansa a idon jama'a, aikinsa a fili kuwa ya zo daga baya. Wannan rashin adalci ne, kuma gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar ta fallasa shi.

Vincent Aboubakar, wanda ya taso a Coton Sport ta Garwa, shi ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017. Ranar 2 ga Disamba 2022 ya zura wa Brazil ƙwallo a ƙarshen wasa, ya tuɓe riga alhali yana da katin gargaɗi, aka ba shi jan kati. Da Kamaru ta tsallake, da kyaftin ɗinta bai buga wasan gaba ba. Duk da haka tafi aka yi, aka yi ta yaɗa hotonsa yana musabaha da alƙalin wasa, domin an san shi ɗan gida mai sauƙin kai.

A gasar nan dai André Onana ya saɓa da koci Rigobert Song, ya bar sansani. Batun da ya cancanci muhawara shi ne yadda mai tsaron gida zai fara wasa da ƙafa daga baya, da iyakar ikon koci. Sai aka bar wannan aka koma kan girman kai, don da ma da wannan rigar ake ganinsa.

Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa hali zanen dutse ne, wanda ya shuka mutunci shi zai girbe uzuri. Gaskiya ne a zaman tare. Amma surar da ɗan kallo ke gani a Facebook da tallace-tallace ba hali ba ce, ado ne da wakilai da kamfanoni ke taya ɗan wasa ɗinkawa. Wanda bai taɓa zama da mutum ba, ina ya san halinsa?

Mai sharhi na gaskiya ya fara da tambaya ɗaya: da wani ne ya aikata wannan, me za a ce? In amsar ta sauya da sauyin suna, to son rai ne ya yi hukuncin.